Gargaɗi: Rayukan Masu Keke Na Cikin Haɗari a Hanyoyin Sharaɗa, Challawa da Bompai

Wannan kira ne na gaggawa ga duk wanda ke hawa keke zuwa aiki a kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai, da direbobin manyan motocin da ke bin hanya ɗaya da shi, da masu kamfanonin, da hukumomin da aka damƙa wa amanar titunan Kano. Hazo na tafe. Nan da 'yan makonni gari zai riƙa jinkirin wayewa, ƙura ta tsaya a sararin sama, magariba ta riƙa faɗawa da wuri, daidai lokacin da masu aikin rana ke tashi, masu aikin dare ke karɓa. A wannan tsakanin ne mai keke ya fi kusa da halaka, kuma har yau babu wani tanadi da aka yi masa.

Duk mai shakka ya fito bayan sallar asuba ya tsaya a bakin titin Panshekara. Zai ga mutane a kan kekuna suna ɓullowa daga Ja'en da Gaida da Ɗorayi da Sheka, wasu ma tun daga cikin birni, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a kariya, ya naɗe fuska da rawani ko tsumma saboda sanyi. Ta ɓangaren Bompai ma haka abin yake: daga Dakata da Kawaji da Gama da Tudun Wada da Yankaba, ana gangarowa ta titin Haɗeja. Akasarinsu babu fitila, babu wani abu mai ƙyalli a jikinsu. Kusa da kafaɗarsu kuwa tirela ce ke wucewa maƙare da fatu ko buhuna ko kwantena, ga tifa, ga tankar mai, ga 'yan Adaidaita Sahu da ke yanko gefe ba sigina da zarar fasinja ya ɗaga hannu. Abin da ya raba mai keken da tayar motar bai wuce kamu biyu ba.

Babu wanda ya zaɓi wannan don nishaɗi. A watan Janairun 2013 gwamnatin jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, sai talaka ya koma ga Adaidaita Sahu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta. Lebura ya yi lissafi ya ga idan zai hau abin hawa biyu zuwa, biyu dawowa, to wa direbobi yake yi wa aiki. Sai ya kakkaɓe tsohon keken da ke jingine a zaure, ko ya ci bashi ya sayi na hannu. Keke ba baƙo ba ne a garin nan, domin Kano ta taɓa zama gidan harhaɗa kekunan Raleigh, kuma iyayenmu da shi suka yi malanta da fatauci da aikin gwamnati. Abin da ya sauya shi ne titin. An faɗaɗa shi, an yi gadojin sama da na ƙasa, motoci sun ƙaru, gudu ya ƙaru, amma ba a ware wa keke ko taku ɗaya ba. An kuma buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023, abin alheri ne ga kasuwancin Arewa, sai dai duk kwantenar da za ta shiga ko ta fita, ta yankin da ma'aikatan Challawa ke bi za ta ratsa.

Ɗan'uwa mai keke, da kai zan fara, domin kai ne ranka ke kan layi tun gobe da asuba, kafin kowace hukuma ta motsa.

Ka ji tsoron hannun daman babbar mota fiye da komai. Tun canjin hannu na 1972 a dama muke tuƙi, direba kuwa yana zaune a hagu, can sama. Kai kana gefen titi, wato a damansa, ɓangaren da ya fi nisa da idonsa. Akwai wuraren da ko direban kirki mai lafiyayyen madubi ba ya iya ganin ka: daf da ƙofar yaron mota, da gaban hancin motar, da bayanta. Balle motar da madubinta ya fashe aka ɗaure shi da roba. Ga ma'auni mai sauƙi: in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba.

Wurin da abin ya fi muni shi ne kwana. Tirela ba ta juyawa kamar ƙaramar mota. Idan za ta shiga dama, ko cikin layi ko ƙofar kamfani, sai direba ya fara buɗewa hagu don ya samu fili. Kai da ke biye sai ka ga sarari ya buɗe a dama, ka ɗauka hanya aka ba ka, ka taka feda ka shige. Nan take kan motar ya karyo, gangar jikinta ta rufo sararin, tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Sai mutum ya tsinci kansa tsakanin taya da kwata, ba gaba ba baya. Sau da yawa direban bai ma san ya taka kowa ba sai ya ji ihun jama'a. Don Allah, idan ka ga babbar mota ta rage gudu a kusa da mararraba ko ƙofar kamfani, ka tsaya a bayanta da tazara, ka bar ta ta gama juyinta, ko da ba ta kunna sigina ba. A wurin danja ma kada ka kutsa ka tsaya a gindin tayarta. Minti ɗaya za ka rasa. Na san maigadi na iya rufe ƙofa, na san ana yanke kuɗin wanda ya makara, amma yankan kuɗin yini guda ana mayar da shi.

Sai maganar duhu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gan ka, ya gane mutum ne, ya ɗaga ƙafa zuwa birki, ya riga ya ci wannan tazarar ko fiye, sannan motar da ke ɗauke da lodi ta fara neman tsayawa. Cikin hazo, da baƙar rigar sanyi, a titin da fitilunsa suka mutu, kai da inuwa duk ɗaya kuke a idonsa. Ka sa farar fitila a gaba da ja a baya. Ƙananan fitilu masu caji sun cika kasuwa, kuma ko tocila ka ɗaure a kan keken ta fi babu. Ka manna leda mai ƙyalli a bayan kariya da jikin feda, domin ƙyallin da ke motsi sama da ƙasa shi ne ke saurin sanar da direba cewa mai keke ne a gabansa. Ka samu riga mai ɗaukar haske irin ta ma'aikatan titi ka ɗora a kan kayanka. Hular kwano ma ka daure ka nema. Ba za ta hana tirela taka mutum ba, wannan gaskiya ne, amma faɗuwa a bakin kwalbati ko karo da Adaidaita Sahu, a nan ne take raba wanda ya tashi ya kakkaɓe jiki da wanda aka kwasa.

Akwai kuma laifuffukan da mu da kanmu muke yi, kuma ba zan ɓoye su ba. Bin hannun da ba namu ba don gudun zagaye, alhali direban da ke fitowa daga layi ɗaya ɓangaren yake dubawa. Riƙe bayan tifa ko tirela don a huta da taka feda, wanda samari suka mayar abin burgewa. Toshe kunne da waƙa ko karatu, ga shi kunne shi ne madubin mai keke. Tafiya da keken da birkinsa ya mutu, ana goga silifa a taya. Ɗaukar buhu ko ƙarfe a gicciye har ya fi faɗin keken. Barin ƙafar wando ko gefen riga yana lilo kusa da kaca. Kafin ka fita, ka matsa birkin gaba da na baya, ka taɓa iskar taya, ka kaɗa ƙararrawa. Mai faci na bakin layinku zai gyara maka birki da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. In da hali kuma ku riƙa tafiya a ayari, 'yan unguwa ɗaya, domin direba ya fi ganin mutum biyar a kan mutum ɗaya, masu ƙwacen waya ma sun fi shakkar taro.

Ina da maƙwabci, magidanci mai 'ya'ya, da ke aikin dare a wani kamfanin roba. Wata asuba yana dawowa ya tarar da tirela a ajiye a gefen hanya, ba danja, ba wata alama, ko ganyen da ake zubawa babu. Ya kauce mata ya shiga tsakiyar titi, wata mota ta taho ta baya ta ɗebe shi. Allah ya yi da sauran kwana, ƙafa ce ta karye. Watanni ya yi a kwance, uwargidansa na sayar da ƙosai don a ci. Da na je duba shi, abin da ya ce da ni shi ne: "Malam, ni fa a gefena nake tafiya, gefen ne aka cinye." Wannan maganar ta tsaya mini a rai, domin ita ce gaskiyar lamarin gaba ɗaya. Gefen titin da ya kamata ya zama mafakar mai keke, tireloli sun mayar da shi tasha suna jiran lodi kwana da kwanaki. Inda ba mota, yashi ne ya taru har taya ke nutsewa. Inda ba yashi, bola ce, ko rami, ko kwatar da aka sace marfinta. A Challawa da Sharaɗa wasu magudanun ruwan majemu da rini ne ke bin su, wanda faɗawa cikinsa da rauni a jiki wata musibar ce daban. Da damina kuwa ruwa na shafe ramin da kwatar baki ɗaya, mutum ya rasa ina ne titi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tura mai keke tsakiyar hanya, gaban motar da ba ta tsammanin sa.

Mun iya cewa tsautsayi ne, ƙaddara ce, kuma mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun sha karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, kuma kawar da cuta daga hanya aikin lada ne. Wanda ya ajiye mota a duhu ba alama, da wanda ya sace marfin kwata, da wanda aka ba kuɗin gyaran fitila bai gyara ba, kowannensu yana da amsar da zai bayar.

Malam direba, kai ma nema ka fito, kuma mun san wahalar hanya. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Ka gyara madubin dama. Ka kunna sigina tun da nisa. Kafin ka karya kwana, yaron mota ya leƙa ya tabbatar ba kowa a gindin motar, in ƙofar kamfani ce ma ya sauka ya tsayar da jama'a. Idan za ka wuce mai keke ka ba shi fili sosai, domin iskar babbar mota kaɗai tana iya kayar da shi, kuma kada ka danna masa ƙaho a kunne ya firgita. Idan mota ta lalace, a sa alama mai ƙyalli tun daga nesa. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su maimaita wannan a tasha har ya zauna.

Alhazai masu kamfanoni, ku ne za ku iya sauya abubuwa da yawa cikin mako guda ba tare da jiran gwamnati ba. Ƙungiyarku ta masu masana'antu, MAN, tana da rassa a Kano, ku zauna ku ɗauki matsaya ɗaya. Ku raba wa ma'aikata riguna masu ƙyalli da fitilun keke kamar yadda ake raba safar hannu da takalmin aiki. Ku hana manyan motoci shiga da fita a rabin awar da ake canjin aiki. Ku buɗe ƙaramar ƙofa daban ga masu keke da masu tafiya a ƙasa, don kada su riƙa cuɗanya da tirela a ƙofa ɗaya. Ku kunna fitila mai ƙarfi a bakin ƙofa, tunda janaretonku na aiki dare da rana. Motocin da ke jiran lodinku ku sama musu wuri a ciki, ko ku haɗa kuɗi ku tanadi fili. Sannan ku sassauta hukuncin makara a ranakun hazo mai kauri da ruwan sama, saboda tsoron rufe ƙofa ne ke sa mutum ya yi kasada da ransa.

Akwai kuma haƙƙin da ma'aikata da yawa ba su san suna da shi ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ta haɗa da haɗarin da ya samu mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, matuƙar kamfani ya san inda yake zaune. Ta kuma shafi ma'aikacin wucin gadi da lebura, ba sai mai takardar dindindin ba. Kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Saboda haka ka tabbatar an rubuta unguwarku a ofis, kuma idan abu ya faru, kai ko iyalinka ku sanar da kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. 'Yan ƙwadago su bi wannan magana ƙofa ƙofa.

Mai girma Gwamna, da Ma'aikatar Ayyuka, da hukumomin KNUPDA da KARMA da KAROTA, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, babban aikin naku ne. Ana buƙatar hanyar keke ta musamman a titin Panshekara zuwa Challawa, da manyan titunan cikin Sharaɗa, da titin Haɗeja zuwa cikin Bompai. Ina jan hankali tun yanzu: fenti kaɗai ba zai yi ba. Duk wanda ya san Kano ya san layin da aka shafa da fenti kafin mako ya zagayo ya zama wurin ajiye mota da kasa kaya. Sai an gina dakali na kankare da zai raba keke da mota, a bar faɗin da keke biyu za su iya wuce juna, a rufe kwatoci da marfin kankare mai nauyi wanda ɓarawo ba ya sha'awa, a riƙa kwashe yashi. A gadojin ƙasa da shataletale, inda mai keke ya fi rasa yadda zai yi, a fitar masa da mashiga bayyananniya. Masu kura da 'yan garuwa da masu keken guragu duk za su amfana da wannan hanya.

Kafin a kai ga gini, akwai abin da za a iya farawa a wannan watan. A gyara fitilun titi, a fara da ƙofofin kamfanoni da mararrabu. A kwashe tirelolin da suka mayar da gefen hanya masauki. A ƙayyade gudu a cikin rukunonin masana'antun uku. Taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a birnin Sitokhom na ƙasar Suwidin a watan Fabrairun 2020 ya ba da shawarar kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cakuɗa da masu keke da masu tafiya a ƙasa, kuma babu inda wannan siffa ta dace da shi kamar Sharaɗa da ƙarfe shida na yamma. A Landan, tun 2021 babbar motar da ta haura tan 12 ba ta shiga gari sai da izini, wadda direbanta ba ya ganin gefe sosai kuma dole a sa mata na'urar hangen gefe da shingen da ke hana mutum faɗawa ƙarƙashinta. Wannan shingen ƙarfe ne kawai tsakanin tayar gaba da ta baya, masu waldar Kano za su ƙera shi cikin yini guda. Me zai hana a wajabta shi ga motocin da ke ɗaukar kaya a kamfanoninmu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Mu ma a ƙasar nan mun ga aya. A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har wata mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. Kiransa daidai ne, hanyar ce ba a gyara ba. Yau tsadar rayuwa ta ɗora dubban mutane a kan keke ba tare da wani minista ya roƙe su ba, hanyar kuma tana nan yadda take.

Idan haɗari ya auku a gabanku, jama'a, a fara tsayar da motoci don kada a sake bi ta kan wanda ya faɗi. A kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Kada a fizge shi a cusa a Adaidaita Sahu a naɗe, musamman idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa. A tallafe kai da wuya, a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko wani abu mai ƙarfi. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Wanda ya bugu a ka, ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi a duba. Ga Asibitin Murtala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, kada a tsaya wurin mai ɗori. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. A bar ɗaukar hoto da waya, a kuma bar dukan direba, a miƙa shi ga hukuma.

Ina roƙon limamanmu na Sharaɗa da Ja'en da Panshekara da Dakata da Kawaji su saka wannan magana a huɗubar Juma'a mai zuwa. Masu unguwanni su tara matasa su faɗa musu. Gidajen rediyo su riƙa maimaita ta da asuba, lokacin da ma'aikata ke shirin fita. Uwargida, kafin maigida ya fitar da keke gobe, ki duba ko fitilarsa na kamawa, in ba ta kamawa ki miƙa masa tocilar gida. Wanda ya karanta wannan kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya kai kowa wurin nemansa lafiya, ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya, amin.